Shuɗiyar Waya a Wuyan Akuya

Wawa dai ni ne, ba sai an je neman shaida ba. Mai ɗakina tana nan da ranta, in kun tambaye ta za ta ƙara muku da abin da na manta. Amma duk cikin wautar da na tafka tun ina yaro, babu kamar ta ranar da na rufe ƙofa don kada a taɓa mini kaya, ashe kayan suna waje, ni kaɗai na rufe a ciki.

Sana'ata zanen gine-gine. Kada ku ji haka ku ɗauka na yi boko. Ina ƙaramin aji a firamare aka koro ni, saboda na zana hedimasta a bayan allo da kunnuwan jaki, kuma abin haushi zanen ya yi kama da shi. Wani kawuna mai shara a ofishin masu zane a Kakuri, nan Kaduna, ya kai ni wurin. Na fara da feƙe fensir, na koma wankin alƙaluma, daga baya maigidan ya lura hannuna ba ya rawa, ya ba ni tebur. Shi zai yi zanensa da fensir, ni in ɗora takarda mai shara-shara a kai in bi da tawada. Har rubutun Turancin da ke jikin zane ni nake yi, tsaf kamar na inji. Sai dai zana shi nake yi, ba karanta shi ba. Hausa nakan lallaɓa da ita, ga shi ma ina rubuta muku. Turanci kuwa ni da shi sai kallon juna. Na san fuskar 'yan kalmomi, kamar ta ɗakin kwana da ta kicin, yadda mutum kan san fuskar maƙwabcin da bai taɓa jin sunansa ba. Haka na tsufa a ofishin nan, in an miƙo mini takarda sai in ce na bar tabarau a gida.

Mu masu zanen hannu muna da ƙa'ida: ba a aron kayan aiki. Bakin alƙalami yana cinyewa ne daidai da yadda mai shi yake karkata hannu. In wani ya ja layi ɗaya da naka, ka rabu da shi, zai yi ta karce maka takarda. Don haka alƙalumana, da rezata ta kankare kuskure, da faifan roba mai ramuka wanda nake fitar da ƙofa da masai da shi, duk suna cikin wani akwatin katako mai kwaɗo. Makullin yana ɗaure a mazagin wandona. Ko ɗan maigida bai isa ya buɗe ba.

Ɗan maigidan nan shi ya gaji ofishin. Na goya shi yana ƙarami, ya yi mini fitsari a wuya, ya girma ya zama akitek, wato babban mai tsara gini, na koma ce masa Oga. Shi kuma Baba yake ce mini.

Da sojoji suka koma bariki farar hula suka hau, sai aiki ya ɓarke. Duk wanda ya ci kansila sai ya gina gida mai ginshiƙai. Dajin Narayi da na Gonin Gora aka yanka fuloti-fuloti. Oga ya mayar da ofis wani bene a Barnawa. Sai dai masu gidan zamani ba su da magana ɗaya. Ka gama zane tas, matar ciyaman ta zo ta ce a mayar da kicin gabas. In kankare da reza, in sake. Ta dawo ta ce a'a, inda yake dā ya fi. Takarda ta huje. Oga ya gaji, ya sayo kwamfutoci.

A daidai lokacin kuma masaƙun Kakuri suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. A bakin lungunmu a Makera akwai wani benci ƙarƙashin darbejiya, nan waɗanda aka sallama suke zama tun safe. Sa'o'ina ne, tare muka yi samartaka. Wasu sun ari babur suna acaɓa da furfura a gemu, sauran suna nan suna kallon titi. Kullum na fito da akwatina a hammata sai in ɗaga murya in gaishe su, in ja wannan da tsiya in ja wancan. Amma a ƙarshen bencin nan akwai sauran wuri daidai faɗin mazaunaina. Ban taɓa wucewa ban auna shi da ido ba.

Mu uku ne a ɗakin zane. Akwai wani Bazazzagi mai tabarau da ke tsallako gada kullum daga Tudun Wada. Ni Bakano ne, don haka tsakanina da shi babu gaisuwa sai zagin wasa. Sai wata yarinya 'yar kudancin Kaduna da Oga ya ɗauka saboda kwamfutocin, tana zaune a Narayi da mahaifiyarta. Ita ta tsaya aka ja wayoyi a bango, aka haɗa kwamfutocin duka da wata babba da aka ajiye a sito. Jikata nake ce mata. Ita ce ta koya mini riƙe maus, ɗan abin nan da ake turawa a tebur a nuna abu a allo, tana dafa hannuna kamar mai koya wa jariri cin tuwo.

Jan layi bai ba ni wuya sosai ba, don hotunansa manya ne a saman allo, kuma bango bango ne ko a ina. Sai ranar da ta nuna mini wani abu da yake naɗe a gefe, in ka kai maus wurin sai ya buɗe.

Ta ce, "Baba, wannan sunansa falet. Duk abin da kake nema yana nan, ƙofa, taga, masai, matakala. Ka ɗauko ka ajiye a zanenka, shi ke nan."

Na ce, "Tire dai, irin na mai goro."

Ta yi dariya. "To, tire. Amma fa ba a cikin kwamfutarka yake ba. Yana can cikin babbar da ke sito. Mu duka daga tire ɗaya muke ɗiba, ta wannan shuɗiyar wayar. In na ƙara abu, kai ma za ka gan shi."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce yaran zamani da son burga. Abu ina kallonsa a gaban hancina a ce mini yana sito? Abin da na ɗauka daga maganarta guda ɗaya ne: ta wayar nan hannun wani zai iya shigowa cikin kayana.

Matsalar tiren nan ita ce ƙofofin duk kamarsu ɗaya. Ɗan layi da ɗan lanƙwasa, ƙanana kamar ƙwayar wake. Abin da ya bambanta ƙofar ɗaki da ta banɗaki da ta falo rubutu ne a ƙarƙashi, haruffa da lambobi a cakuɗe, ko ɗaya ba ya cikin waɗanda na san fuskarsu. Sai na yi dabara. Na haddace jerin kamar yadda muka haddace surori, wannan na bin wannan. In ina son ƙofar banɗaki sai in ɗora yatsa a allo in gangaro ina ƙirgawa a zuci, in an kalle ni in yi kamar ƙura nake sharewa.

Abin yana tafiya, sai wata safiya Bazazzagi ya zuba wasu sababbin ƙofofi a tiren saboda gidan wani sanata. Komai ya gusa. Ni ban sani ba, na ƙirga na ɗauko, na bi banɗakunan gidan da nake gwaji da shi na sa musu ƙofar falo mai ganye biyu. Bazazzagi ya leƙo, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ya ce, "Bakano, banɗakin nan ɗaurin aure za a riƙa yi a ciki?"

Na ce, "Na Zagezagi ne. Ku da ba ku shiga ko'ina sai da rakiya."

Aka yi dariya, ni ma na yi, har da buga tebur. Na koma na ɗora yatsa ina lalube, ban san jikata tana tsaye a bayana ba sai da na ji ƙamshin man shafawarta. Ta wuce abinta. Washegari na tarar da tire ya koma yadda na san shi. Na ce addu'ata ce ta ci. Amma daga ranar barcina ya ragu. Kowace safiya kafin in cire hula sai na buɗe tiren nan na bi shi daga sama har ƙasa, in ga ko wani abu ya gusa.

Ana haka, wata rana bayan la'asar Oga ya kira ni ofishinsa. Ya tashi ya ba ni kujera, abin da bai saba yi ba, nan na san babu lafiya.

Ya ce, "Baba, teburin zanen nan zan fitar da shi, wurin ake buƙata. Ka ga yanzu babu mai karɓar zanen hannu."

Na ce, "Ai na iya kwamfuta, Oga. Tambayi jikata."

"Na tambaye ta, ta ce kana ƙoƙari. To ga wani ƙaramin gida a Gonin Gora, na wata malamar asibiti da ta yi ritaya. Ɗaki uku da falo, babu bene. Gobe zan tafi Kakau duba aiki. In na dawo na tarar ka gama shi kai kaɗai, kujera taka ce, babu mai tashinka. In kuma..."

Bai ƙarasa ba, ya hau gyara takardun da ke gyare.

Ina fitowa na ji Bazazzagi yana ce wa jikata, "Wai ƙofofin ƙarfen nan sababbi, yaushe za su shiga falet? Gobe nake son su." Ta ba shi amsa da Turanci, da sauri, ban tsinci komai ba. Kalma ɗaya ta zauna mini a kunne: gobe.

Da aka tashi sai na tsaya neman hular da take kaina. Suka sauka. Na kashe kwamfutata yadda aka koya mini, na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na rarrafa ƙarƙashin tebur. Oga ya sha faɗa mana cewa duk wanda ya taɓa waya a ofishin nan ya nemi wani wurin aiki. Na tuna da wannan sarai. Na danna wani ɗan harshen roba da ke kan shuɗiyar wayar na zare ta daga bayan kwamfuta, na zare ɗaya bakin daga bango, na naɗe ta na cusa a aljihu. In na bar ta a nan wani mai shisshigi zai mayar. Wallahi daɗin da na ji a lokacin irin na murɗa makulli a kwaɗo ne. Na ce to Bazazzagi, zuba ƙofofinka har na gidan yari, nawa tiren na kulle.

Da safe na sa rigata ta Juma'a, na bar ta jiya a rataye. Na tarar da Oga da jikata suna shirin shiga mota. Ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, Allah ya ba da sa'a. Ka bi a hankali, komai yana inda ka san shi."

Na ce, "Ai na fi ki sani." Har da kashe mata ido.

Na kunna kwamfuta. Wani ɗan akwatin rubutu ya fito da ban saba gani ba, na danna inda nake dannawa kullum ya ɓace. Na kama bango. Kai, ranar hannuna ya yi kyau. Falo ya zauna, ɗakuna suka jeru, na bar gurbin kowace ƙofa da taga. Har 'yar waƙa nake yi ƙasa-ƙasa. Hantsi ya ɗaga, na ce to yanzu sai kayan ado. Na kai maus gefe, tire ya buɗe.

Babu komai a ciki. Fili fetal, toka-toka, kamar faranti bayan yara sun tashi.

Na rufe na sake buɗewa. Na kashe kwamfutar na kunna. Na goge allon da hannun riga, kamar ƙofofin suna bayan ƙura. Abin da ya fara zuwa mini shi ne an yi mini sata. Na miƙe kamar zan sha ruwa, na bi ta bayan Bazazzagi na saci kallo. Tirensa cike, ƙofa na bin ƙofa, kuma ga mamakina jerin nan yadda na haddace shi ne, babu sabuwa ko ɗaya.

"Bakano, me kake nema a ƙeyata? Basira ba ta tsallakawa."

Na koma na zauna. A nan maganar yarinyar nan ta dawo mini, da muryarta da komai: ba a cikin kwamfutarka yake ba, yana can sito. Na leƙa bayan kwamfutar. Wata 'yar fitila da kullum take ƙyaftawa kusa da ramin wayar ta mutu. Na shafa aljihu. Rigar Juma'a ce.

Na ce wa Bazazzagi cikina ya murɗa, zan je kemis. Na sauka bene ina haɗa matakala biyu, ni da ko ɗaya sai na dafa bango. Na tare ɗan acaɓa na ce Makera, in ya ga dama ya tashi sama. Duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar hanjina zai fito, amma ina ce masa ƙara wuta.

Mai ɗakina tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta ce, "Malam, lafiya da rana tsaka?"

"Ina rigata ta jiya?"

"Ga ta can a kan igiya tana ɗiga."

"Abin da ke aljihu fa?"

"Goron na cinye. Igiyar robar kuwa, Allah ya yi maka albarka. Rabon da ka shigo gidan nan da abu mai amfani har na manta."

Ta nuna da haɓa. Muna da wata akuya ja, shaiɗaniya, wadda babu igiyar da ba ta cinye ba, kullum sai an kawo ƙararta daga maƙwabta. Ga ta nan a jikin turke tana tuƙa, shuɗiyar wayar Oga a wuyanta, an yi mata ƙulli biyu.

Na ce, "Innalillahi. Ina kawunan? Akwai wasu 'yan robobi a bakinta!"

"Su ne suka hana ƙulli kamawa, na datse su da wuƙa. Malam, wai mene ne? Ka ga fuskarka kuwa?"

Ban tsaya bayani ba. Na kifar da kwandon shara, na tona cikin ɓawon albasa da toka da rigar Juma'ata, har na samo su biyun, kowanne da ɗan guntun wutsiya. Na kwance akuya. Ko kallona ba ta yi ba ta yi waje da gudu, mai ɗakina ta bi ta da muciya tana kiran sunan uwata. Na fito lungu ina naɗe waya, akuya ta riga ta bi ta gaban benci, mutanen darbejiya duk sun juyo.

Wani ya ɗaga murya, "Mai zane! Yau an tashi da wuri ke nan? Matso, ga wuri mun share maka!"

Wasa yake yi, irin wanda ni ma nake yi musu kullum. Amma ranar sai na ƙara sauri na wuce.

Na tsaya wurin mai gyaran rediyo a bakin titi. Ya juya wayar, ya shinshina, ya ce wannan ba layinsa ba ne, sai cikin gari, tsallaken gada. In na tsallaka gadar nan a wannan cunkoso, Oga zai riga ni komawa. Kuma in na je me zan ce a ba ni? Ko sunanta ban sani ba. Na roƙe shi baƙin salatif da reza, na tsuguna a gefen kwata na feɗe bakin wayar. Na zaci zan ga waya biyu, ja da baƙa, kamar ta fitila. Sai ga 'yan siraran wayoyi masu launi-launi an tufka su bibbiyu, wasu farare da ɗan zane a jiki wanda idona ba ya rabewa. Na yi ta haɗa kore da kore, ruwan ƙasa da ruwan ƙasa, fararen kuwa na bar wa Allah. Hannun nan nawa da bai taɓa rawa a kan takarda ba, ranar sai da reza ta yanke ni sau biyu. Na naɗe da salatif. Waya ta fito da ƙulu biyu kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai, ga sawun haƙoran akuya a tsakiya.

Da na koma ofis Bazazzagi ya tafi sallar azahar. Ni ko alwala ban tuna ba. Na rarrafa na cusa wayar a bango da kwamfuta, na tsura wa 'yar fitilar nan ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ba ta ƙyafta ba. Na zare, na hura ramin, na mayar. Shiru. Na juya kan wayar, na bango ya koma kwamfuta. Shiru.

Na rarrafa wurin Bazazzagi in ari tasa kafin ya dawo, ni da ban taɓa aron kayan wani ba. An bi ta da ƙusoshi a jikin bango, ko na ja ba za ta kai teburina ba. Na taɓa kwamfutarsa, ta nemi kalmar sirri. Na dawo na ce to bari in zana ƙofar da kaina, ai layi ne da lanƙwasa. Layin ya yi. Da na zo lanƙwasar sai ta buɗe ta haɗiye falo da ɗaki biyu. Na goge, na sake, ta juya ta baya ta fita waje. Na sake, sai na goge bangon kicin ban sani ba.

Sai wata dabara ta zo mini. In buga bangon a takarda, in buɗe akwatina in ƙarasa ƙofofi da tawada, ko banza Oga ya ga gida a tsaye. Na danna hoton firinta. Babbar firintar da ke lungu ko tari ba ta yi ba. Ashe ita ma ta wayar nan ake yi mata magana.

Ban san lokacin da na kwance makulli daga mazagi ba. Na buɗe akwati, na yanko takarda mai shara-shara, na manna ta a fuskar kwamfutar da salatif ɗin mai rediyo. Hasken allon ya fito da bangon ta bayan takardar, raɗau. Na ɗauki alƙalamina na fara bi. Allon irin na dā ne mai tumbi, rula ba ta kwanciya a kansa, tawada tana gangarowa. Na san ma'aunin ba daidai ba ne. Na san ko an gama babu magini da zai iya aiki da shi. Amma hannuna ya ƙi tsayawa, ina bi ina share ido da kafaɗa.

Haka Bazazzagi ya shigo ya same ni. Na jira tsiyar da zai yi, har na tanadi amsa. Bai yi ba. Sai ya ce a hankali, "Baba, me ya faru? Kawo in duba maka."

Tunda muke bai taɓa ce mini Baba ba. Wannan ya fi komai tsorata ni. Ya miƙo hannu wajen maus, na ji bakina ya ce, "Kada ka taɓa mini kaya!" Ya janye hannunsa. A lokacin muka ji hon ɗin motar Oga a ƙasa.

Oga ya shigo da jar ƙasar Kakau a takalminsa, jikata tana biye da shi. Ya tsaya a bayana. Ya kalli takardar da ke manne a allo, ya kalli tawadar da ta ɗiga a kan madannai, ya kalli yatsana da ke naɗe da tsumma. Ita kuwa ba allon ta kalla ba, ƙasa ta sunkuya. Ta jawo wayar ta ɗaga ta sama da yatsa biyu. Warin akuya ya cika ɗakin.

Oga ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni da wata ja ne, amma ita ta gudu."

Babu wanda ya yi dariya. Oga ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Baba, ka ga dai da idonka. Ka je gida ka huta. Zan zo har Makera mu yi sallama yadda ya kamata, saboda mahaifina." Ya shige ofishinsa ya turo ƙofa a hankali.

Jikata ta buɗe durowarta, wadda ko kwaɗo babu, ta ciro wata shuɗiyar waya sabuwa fil a leda. Ashe tun safe tana nan, kusa da gwiwata. Ta cusa, 'yar fitila ta hau ƙyaftawa. Ta ɓare takardata daga allon a hankali don kada ta yage, ta kashe ta kunna, ta kai maus gefe. Tire ya buɗe a cike. Idona ya bi shi daga sama har ƙasa da kansa. Ƙofar ɗaki tana wurinta, ta banɗaki tana wurinta.

Bazazzagi ya ce, "Ai tun ranar banɗakin ɗaurin aure ta kulle shi daga sito. Ko ƙusa ba na iya ƙarawa. Jiya ma da na roƙe ta cewa ta yi in ajiye ƙofofina a wani wuri daban, wannan jerin ba mai motsa shi muddin kana ofishin nan. Mun sha faɗa da ita a kan haka."

Na mayar da alƙalamina akwati ba tare da na wanke shi ba, na rufe kwaɗo. Na ɗauki wayar akuya na sa a aljihu, don na san abin da zan tarar a gida in na koma babu ita. Na ce wa Bazazzagi ya riƙa goge tabaransa, ƙila wata rana ya ga hanyar Kano.

Yanzu gurbin nan na ƙarshen benci ya samu mai shi. Ya yi mini daidai, ashe idona bai yi kuskuren awo ba. Akwatin yana ƙarƙashin gado, makullin har yau yana mazagina.

A ranar da aka sallame ni kuwa, ina cikin sauka daga benen na ji takun jikata a bayana. Ta karɓi akwatin daga hammatata ta riƙe mini har bakin titi. Muka tsaya muna jiran acaɓa. Da ɗan acaɓan ya tsaya na hau, ta ɗora mini akwatin a cinya, amma ba ta sake shi ba. Idonta ya yi ja.

Ta ce, "Baba, ni fa nake riƙe da makullin tiren nan. Daga wa ka ɓoye shi? Daga ni?"